Yadda Ake Sauke Giyabos Na A-Kori-Kura A Gida

Idan kaka ta yi, a-kori-kura ba ta hutawa. Yau ta kwaso buhunan masara daga gona, gobe ta kai tumatir kasuwa, jibi ta ɗauki mai naƙuda zuwa asibiti. In ta lalace a irin wannan lokaci, ba mai ita kaɗai ke shiga wahala ba, har da sauran mutanen gari.

Cikin cututtukan mota akwai waɗanda ba sa gyaruwa sai an sauke giyabos, wato akwatin giya. Ga shi kuma gareji yana can birni, kuma janyo mota zuwa can kuɗi ne mai yawa. Shi ya sa wasu direbobin karkara kan sauke giyabos a gida. Daga nan sai su canza kuloci da kansu, ko su ɗora giyabos ɗin a wata mota su kai wa bakanike.

Aikin yana yiwuwa, amma yana da haɗari iri biyu. Na farko, mota ta faɗo wa wanda ke ƙarƙashinta. Na biyu, giyabos ɗin ya suɓuce ya danne ƙirji ko hannu. Maganin duka biyun shi ne bin aikin daki-daki, ba tare da tsallake ko ɗaya ba.

Bayanin da ke tafe an gina shi ne a kan Toyota Hilux mai giyar hannu, wadda tayoyin baya ke turawa. Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fara ƙera Hilux a shekarar 1968, kuma tana da yawa a hanyoyin karkara. A-kori-kura ta Nissan da Isuzu da Mitsubishi L200 duk tsarinsu ya yi kusa da nata. Peugeot 504 kuwa, wadda a da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ƙirar Faransa ce, ta sha bamban a wurare da dama. Mai ita ya nemi shawarar bakaniken da ya san ta.

Mene Ne Aikin Giyabos?

Giyabos yana manne a bayan inji, a ƙarƙashin inda direba ke zama. Shi ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa farfela. Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfe da ke kai ƙarfin ga tayoyin baya.

A lamba ɗaya, inji yakan juya kusan sau 4 kafin farfela ta juya sau 1. Shi ya sa mota ke da ƙarfin tashi da kaya ko hawa tudu. A lamba huɗu, juyin inji da na farfela daidai suke. A lamba biyar, farfela ta ɗan fi inji sauri, sai mai ya yi auki a kan kwalta.

Tsakanin inji da giyabos akwai kuloci. In direba ya taka shi, sai inji ya rabu da giyabos a sami damar canza giya. Kuloci yana ɓoye cikin bakin giyabos, wanda ke da faɗi kamar ƙwarya. Ba yadda za a kai gare shi sai an janye giyabos baya.

A Fara Gano Ciwon Tukuna

Ba kowace matsalar giya ce ke sa a sauke giyabos ba. Mutum na iya shan wahalar yini guda, daga baya ya tarar ciwon yana waje.

Idan kuloci ya yi laushi, ana taka shi yana tafiya har ƙasa, kuma giya ta ƙi shiga, a fara duba man kuloci. Yana cikin wani ɗan kofi a gidan inji, kusa da kofin man birki. In man ya ƙare, ko famfon kuloci na sama ko na ƙasa yana yoyo, a nan ciwon yake. Ana gyara wannan daga waje.

Idan sandar giya tana lilo a hannu, sau da yawa wata 'yar roba ce da ke gindinta ta cinye. Daga cikin mota ake canza ta. Idan kuma ana jin ƙara "ƙwas" a ƙasa lokacin tashi, ko mota na karkarwa in ta ɗau gudu, a duba kuros na farfela.

Ga alamun da ke nuna lallai sai an sauke. Inji yana ihu a kan tudu amma mota ba ta ƙara sauri, ga kuma ƙaurin ƙuna: faifan kuloci ya cinye. Ana jin kuka duk lokacin da aka taka kuloci, in an saki ya daina: boris ɗin kuloci ne. Ana jin gurnani mota na tsaye, in an taka kuloci ya yi shiru: boris ne na cikin giyabos. Giya tana fita da kanta ana cikin tafiya, alhali robar sanda da robar da giyabos ke zaune a kai lafiyarsu ƙalau: ciwon yana ciki.

Mutane Da Kayan Aiki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ana bukatar mutum uku. Biyu a ƙarƙashin mota, ɗaya a waje yana kula da jak, yana miƙo kaya. Na wajen nan kada ya tafi ko'ina muddin akwai mutum a ƙasa. Zai fi kyau a ce cikinsu akwai wanda ya taɓa ganin an yi aikin.

Nauyin giyabos ya yi kusa da na buhun siminti, wato kilo 50. Ɗaukar buhun siminti a tsaye ba wuya. Amma wanda ke kwance rigingine ba shi da wannan ƙarfi, kuma giyabos yana da santsin mai, gabansa ya fi bayansa faɗi.

A tanadi waɗannan kaya kafin a fara:

Sifana lamba 10, 12, 14 da 17. Waɗannan su ne lambobin da motocin Japan suka fi amfani da su. Sai lamba 24 don murfin mai. Sifana mai kofi, wadda makanikai ke kira soket, tare da doguwar sandarta. Jak guda biyu, in da hali ɗaya ya zama mai taya. Ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ko guntayen katako masu kauri da faɗi. Waigi huɗu. Igiya mai ƙarfi. Kwano mai cin lita 4. Fenti ko alli. Kwali, ledoji, tsummoki da tocila.

Wurin Aiki Da Tokare Mota

Wannan shi ne babin da rai ya rataya a kansa. A zaɓi wuri mai tauri wanda ba shi da gangara. Daɓen siminti ya fi. In ƙasa ce, a shimfiɗa faffaɗan katako ƙarƙashin jak da abin tokare, don kada su nutse. A guji yashi da ƙasa mai laima. A fara da sassafe, inji yana sanyi. Kada a fara da yamma, kada kuma a fara in hadari ya haɗo. Wanda bai saba ba, aikin zai iya cin masa yini guda.

A ja birkin hannu. A sa waigi gaba da bayan tayoyin da za su tsaya a ƙasa. A tuna, da zarar an cire farfela, sa mota a giya ba ya riƙe ta. Birkin hannu da waigi ne kaɗai suka rage.

A ɗaga motar daidai yadda giyabos zai iya fitowa ta ƙarƙashinta. Sannan a tokare ta a jikin shasi, wato manyan ƙarafa biyu da suka miƙe daga gaba zuwa baya. Aikin jak ɗagawa ne kawai. Jak mai mai yana iya saki ba gargaɗi, don haka ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Kada a tokare da bulon siminti, ko tubali, ko dutse. Bulo yakan fashe farat ɗaya. In katako ne, ya zama mai ƙwari wanda gara ba ta ci ba, a jera shi a kwance, ba a tsaye ba. A tura tayar safaya ƙarƙashin shasi don ƙarin tsaro. Bayan haka mutum biyu su girgiza motar da ƙarfi. In ta motsa, a sake tokarewa.

A kori yara da dabbobi daga wurin. Ba shan taba. Ba a shiga ƙasan mota da aci-balbal ko fitilar ƙwai, saboda fetur.

Mataki Na 1: Batir Da Sandar Giya

A cire wayar batir mai alamar ragi, wadda galibi baƙa ce. A karkatar da ita gefe yadda ba za ta koma ta taɓa kan batir ba. Dalili shi ne babbar wayar da ke zuwa kik kullum da wuta a jikinta, ko da an zare makulli. In sifana ta haɗa ta da ƙarfe, tartsatsi zai tashi, ya ƙona hannu ko ya tada gobara.

Sai a shiga cikin mota. A sa giya a firi, wato ba ta cikin kowace lamba. A murɗe ƙwallon da ke kan sandar giya, a cire robar da ta rufe gindinta. A tsofaffin Hilux akwai wani ɗan murfi a gindin sandar. Ana danna shi ƙasa a murɗa hagu, sai sandar ta zaro. A wasu kuma notuna ne ke riƙe da ita. A cusa tsumma mai tsabta a ramin don kada ƙasa ta shiga.

Mai wayar hannu ya riƙa ɗaukar hoton kowane wuri kafin a kwance shi. Ranar mayarwa hoton zai yi amfani ƙwarai.

Mataki Na 2: Tsiyaye Mai

Giyabos yana da murfi biyu. Na gefe shi ne na zuba mai, na ƙasa shi ne na tsiyayewa. A fara sassauta na gefe tukuna. Hikimar ita ce, in na gefe ya cije, gara a sani tun mai yana ciki.

A tara kwano a kwance na ƙasa. Man yakan kai lita 2 zuwa 3. A duba shi da kyau. A jikin murfin ƙasa galibi akwai maganaɗisu. In an ga ɗan baƙin gari mai laushi a kansa, wannan ba komai. In kuwa an ga gutsattsarin ƙarfe, to haƙori ko boris ya karye a ciki. In man ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, wataƙila wajen tsallaka rafi da damina.

A juye tsohon man a jarka a rufe. Kada a zubar kusa da rijiya ko gona. Kada a shafa shi a gyambon mutum ko na dabba, domin guba ne.

Mataki Na 3: Farfela

Kafin a taɓa noti, a ja layi da fenti a inda farfela ta haɗu da aksul na baya. Layin ya hau ɓangarorin biyu. In ba a mayar da ita yadda take ba, mota na iya kama karkarwa.

A kwance notuna huɗu na wurin. Mutum ɗaya ya tallafe farfelar. In mai gaɓa biyu ce, akwai boris a tsakiyarta da notuna biyu ke riƙe da shi a jikin shasi. A kwance su, a adana wasoshin da ke wurin yadda aka same su. Sai a ja farfelar baya a hankali, ta zaro daga gindin giyabos. A naɗe bakinta mai sulɓi da tsumma, a ajiye ta inda ba yashi. A ɗaura leda a gindin giyabos.

Mataki Na 4: Ƙananan Kayan Da Ke Jiki

A bi jikin giyabos da tocila, a cire duk abin da ya haɗa shi da mota. Akwai wayar mitar gudu a can baya. Akwai wayar fitilar ribas. Wani lokaci akwai wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfe. A kama kan wayar a zare, kada a fizgo ta daga tsakiya.

Famfon kuloci na ƙasa yana gefen ƙwaryar giyabos, notuna biyu ke riƙe da shi. A kwance notunan kawai, kada a cire tiyonsa. A ɗaure shi gefe da igiya. Daga wannan lokaci kada kowa ya taka kuloci, in ba haka ba cikin famfon zai fito, mai ya zube. Man nan yana ɓata fenti, yana kuma ƙona ido.

Sai salansa. Akwai ƙarfen da ke riƙe ta a jikin giyabos, a kwance shi. In bututun ya tare hanya, a sauke na gaban. Notunan salansa sukan yi tsatsa, don haka a jiƙa su da mai tun daren jiya.

Daga nan a cire wayoyin kik, a kwance notunansa biyu, a fito da shi. A ƙasan ƙwaryar kuma akwai wani siririn murfin ƙarfe, a wasu motocin har da ƙarafa biyu da suka haɗa inji da giyabos ta gefe. Duk a cire su.

Notunan kowane wuri a zuba su a leda daban, a rubuta sunan wurin a takarda a jefa ciki. Ga inda karatu da rubutu ke ceton mai sana'a.

Mataki Na 5: Tallafe Inji Da Giyabos

Inji da giyabos suna zaune ne kamar tukunya a kan murhu mai duwatsu uku. Duwatsu biyu suna gefen inji, dama da hagu. Na ukun yana ƙarƙashin giyabos, a kan wani ƙarfe da ya gitta tsakanin ƙarafan shasi. In aka janye dutse ɗaya ba a tallafa ba, tukunya za ta karkace.

Saboda haka a sa jak na farko ƙarƙashin bayan inji. A ɗora faffaɗan katako tsakanin jak da kwanon baƙin mai, don kada kwanon ya lotsa. A ɗaga har ya taɓa kawai, ba a ɗaga motar ba.

A sa jak na biyu ƙarƙashin tsakiyar giyabos, shi ma da katako a kai. A ɗaure giyabos da katakon da igiya. A ɗan ɗaga kaɗan don nauyi ya bar ƙarfen gicciye. Yanzu a kwance notunan robar da giyabos ke zaune a kai, sannan na ƙarfen, a fitar da shi. Shi ma yana da nauyi, a tallafe shi.

Sai a sauke jak ɗin biyu kaɗan-kaɗan, bayan giyabos ya ɗan sunkuya. Wannan zai buɗe hanyar kaiwa ga notunan sama. Na waje ya buɗe bonet yana kallo. Kada fanka ta taɓa lagireto, kada bayan inji ya dannu da bangon mota, kada tiyo ko waya su miƙe har su tsinke. Da ya ga haka ya ce a tsaya.

Mataki Na 6: Raba Giyabos Da Inji

Notuna ne suka kewaye bakin ƙwaryar. Tsawonsu ba ɗaya ba ne. A zana da'ira a kwali, a huda, duk notin da aka cire a soka shi a gurbinsa. A fara da na sama, da soket mai doguwar sanda, daga baya ta kan giyabos. A bar biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, su zama na ƙarshe.

Kafin a cire biyun nan, a sake duba igiya da jak. Kowa ya koma gefe. Kada kan mutum, ko ƙirjinsa, ko cinyarsa su kasance daidai ƙarƙashin giyabos.

A cire su. Sai a kama giyabos ta gefe biyu, a riƙa girgiza shi a hankali ana ja baya. Akwai 'yan turaku biyu na ƙarfe da ke saita shi da inji, su kan ɗan cije. In ya ƙi motsi sam, kada a sa ƙarfi, kada a buga da guduma. Jikinsa yana iya tsagewa. Sau da yawa wani noti ne aka manta. A sake lalubawa.

Ga wurin da ya fi bukatar natsuwa. A gaban giyabos akwai sandar ƙarfe mai tsaga-tsaga da ta ratsa tsakiyar faifan kuloci, hancinta ya shige bayan inji. Dole giyabos ya tafi baya a miƙe, kamar tsawon taƙi guda, har sandar ta fita gaba ɗaya. In aka sauke shi sandar tana ciki, nauyinsa duka zai rataya a kanta. Faifan kuloci zai lanƙwashe, boris ya lalace. Sannu ba ta hana zuwa.

Da an ga sandar ta fito sarari, na waje ya sauke jak a hankali, na ƙasa suna daidaita shi ta gefe. In ya suɓuce, a bar shi ya faɗi. Kada kowa ya ce zai tare. Ƙarfe ana sayen wani, hannu kuwa ba a kasuwa yake ba. In ya sauka, a mirgina shi kan katako ko buhu a jawo shi waje. Jak ɗin da ke riƙe da inji a bar shi a wurinsa, a ƙara masa katako.

Abin Da Za A Duba

Tunda an sha wahalar buɗewa, a duba komai lokaci guda. Za a ga baƙar ƙura a cikin ƙwaryar. Kada a hura ta da baki ko da famfon iska. Wasu faya-fayan kuloci, musamman tsofaffi, ana yin su da wani abu mai suna asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu bayan shekaru. A ɗaura ƙyalle a hanci, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Murfin kuloci yana da notuna shida. A yi masa alama da fenti, a sassauta notunan kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. A tare faifan kada ya faɗo, a kuma lura da fuskar da ke kallon inji.

A dubi ƙusoshin da ke jikin faifan. In fatar ta cinye har ta zo daidai da kan ƙusoshin, faifan ya gama aiki. In ya jiƙe da mai, to sil na bayan inji ko na gaban giyabos yana yoyo. Sai an canza sil ɗin, in ba haka ba sabon faifan ma zai lalace. A dubi filawil, wato babban faifan ƙarfe mai haƙora da ke bayan inji. In ya tsattsage ko ya yi zane mai zurfi, a kai wa masu injin gyaran ƙarfe.

A juya boris ɗin kuloci da yatsa. In yana ƙara ko yana cijewa, a canza. Kada a wanke shi da fetur, domin man da ke cikinsa a rufe yake, in ya wanke ba ya komawa. Akwai kuma wani ƙaramin boris a tsakiyar filawil, shi ma a gwada shi.

Abin da ya fi shi ne a canza faifai da murfi da boris tare. Araha ba ta ado. Wanda ya bar tsohon boris don ragin kuɗi, yana iya sake sauke giyabos kafin wata kakar. In za a je sayen kaya, a tafi da tsofaffin a gwada su da sababbin a gaban mai kanti.

Mota Mai Jan Taya Huɗu

A-kori-kura mai jan taya huɗu tana da ƙarin akwati a bayan giyabos, wanda ke raba ƙarfi gaba da baya. Farfelarta biyu ce, tsofaffin kuma sandar giyarsu biyu. Nauyin ya fi na wancan nesa, kuma ya rinjaya gefe guda. Ba a sauke irin wannan sai da babban jak mai taya da ƙarin hannu. Sababbin motoci kuma suna da wayoyin lantarki da yawa a jikin giyabos. Kowace waya a yi mata alama kafin a zare.

Ranar Mayarwa

Ana mayarwa ne daga mataki na ƙarshe zuwa na farko. Abubuwa huɗu ne abin kiyayewa.

Na ɗaya, faifan kuloci ya zauna daidai tsakiya kafin a ɗaure murfinsa. Ana saita shi da tsohuwar sandar gaban giyabos, ko da ice da aka fiƙe daidai ramin. Kada maiko ya taɓa fuskar faifan.

Na biyu, giyabos ya shiga da hannu har bakinsa ya haɗu da inji. In ya rage rata, tsagar sandar ba ta hau ba. A sa giya, a ɗan juya ta baya har ta faɗa. Kada a jawo shi da ɗaurin noti, ƙwaryar za ta fashe.

Na uku, layin fentin farfela ya koma daidai.

Na huɗu, kada a manta da mai. A zuba man giya ta murfin gefe, mota tana daidai, har ya fara dawowa ta ramin. Hilux da yawa suna amfani da mai lamba 75W-90, amma a duba littafin motar. Wayar batir ita ce ta ƙarshe. Bayan nan a gwada motar ba kaya, a hankali, a kuma leƙa ƙasa ko akwai yoyo. Bayan tafiyar kwana biyu a sake bin notunan farfela da na ƙarfen gicciye.

Inda Aikin Gida Ya Tsaya

Sauke giyabos da canza kuloci abu ne da direba mai natsuwa zai iya. Buɗe cikin giyabos kuwa aikin ƙwararren bakanike ne. A ciki akwai haƙora da zobba da ƙananan ƙwallaye, kowanne da awonsa, kuma sai da kayan aiki na musamman. In ciwon yana ciki, a toshe ramukan da leda, a ɗora giyabos a kan tsohuwar taya, a ɗaure, a kai gareji. A gaya wa bakanike irin ƙarar da aka ji da abin da aka gani a cikin mai. Wannan zai rage masa lalube, ya rage wa mai mota kuɗi.

Wanda kuma ya rasa wuri mai tauri, ko abin tokare mai aminci, ko mataimaka biyu, to ya haƙura da aikin. Ya ɗauko bakanike ya zo har gida, ko ya biya kuɗin janwe. Lokacin da ya fi dacewa da wannan gyara shi ne kafin amfanin gona ya nuna, tun kuloci yana ba da alama, ba sai ya tsaya da kaya a tsakiyar daji ba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kaka mai albarka.